Gurbin Na Uku

Da safiyar Laraba manhajar ta tsaya cak, ta fito da jan rubutu: babu "ɗa3".

Anti ce ta rubuta manhajar, don tsara wanda zai kai Mama wankin ƙoda a cikin 'ya'yanta. Manhajar ba ta san sunan kowa ba. Takan ɗauki kalmar "ɗa", ta liƙa mata lamba bi da bi, ta buɗe ma'ajin da ke da wannan suna, ta tura saƙon da ke ciki zuwa lambar wayar mai shi. Jiya, mako guda da binne Yaya, ta daure ta goge nasa.

Auta ta leƙo allon. "Anti, ai ke ce ta huɗu. Ki koma ta uku, mu matso."

"Ke, layin shan mai ne?"

Daga ɗaki Mama ta ce, "Yau wa zai kai ni?"

Anti ta mayar da "ɗa3", ta sa lambar wayarta a gurbin tasa. Saƙon kuwa ta kasa taɓa shi.

Wayar ta yi ƙara a tafinta: "Yaya sarkin latti, yau kai ne. Mama na jira."