Tsagar Ƙarƙashin Sirdi

Ƙarar ba ta fi ta fasa gyaɗa ba. Armaya'u ya tsaya da sufana a hannu, ya waiga ko wani ya ji. Babu kowa a rumfar sai kekunan manoma masu jiran faci.

Tun yana saurayi yake gyaran keke a bakin kasuwar Batsari, kuma duk na ƙarfe ne, irin waɗanda ake ɗora wa buhun gero a turo daga Ruma. A wurinsu, noti sai an matse shi har ya yi kuka. Wannan kuwa keken tsere ne, jikinsa na kabon, wani baƙin abu mara nauyi da yatsu biyu ke ɗagawa. Ba ya son matsi, ba ya karɓar walda. In ya tsage, ya tsage ke nan.

Guda biyu aka sayo daga Sin, masu araha, suka iso ta Kano a kwali ɗaya. Ɗaya na Haisam ne, ɗansa na fari, ɗayan na Shafi'u, abokin Haisam, malamin firamare a Safana. Samarin sun ƙwallafa rai a kan wani tsere da za a yi a Katsina, ko bayan kaka ne ko kafin azumi, Allah ne masani. Suka damƙa masa haɗawa, don wa za a ba in ba shi ba?

Wanda ya tsage na Haisam ne.

Ya shafa wurin da babban yatsa, can ƙarƙashin sirdi. Tsagar siririya ce kamar gashi. Ya daɗe a zaune, sannan ya ɗauko baƙin fenti ya shafe ta. Kekunan iri ɗaya ne, sai dai na Haisam ya ɗan fi tsawo kaɗan. Ya ɗaga sirdin lafiyayyen, ya sauke na mai tsagar. Jan tef ɗin da Haisam ya zaɓa ya naɗe a kan lafiyayyen, shuɗin Shafi'u kuma a kan mai tsaga. Ya ce wa ransa ai Shafi'u ɗan ƙaramin mutum ne, ba shi da nauyin da zai karya komai.

Ranar karɓa, Haisam ya durƙusa ya gaishe shi, idonsa a ƙasa, ya tura kekensa ya tafi. Haka suke. Armaya'u bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba, magana tsakaninsu sai ta bi ta bakin matarsa Ikilima.

"Yaron nan ya ce wani abu a kan keken?"

"Ya ce Allah ya saka da alheri."

Shafi'u kuwa bakinsa ba ya rufuwa. Duk ranar da suka fito atisaye sai ya tsaya a rumfa, ya ajiye masa goro.

"Baba, hannunka akwai albarka! Jiya na wuce wani mai babur a kwanar Tsaskiya, har ya tsaya yana salati."

"Ka riƙa bi a hankali a gangare."

"Haba Baba, keken tsere ne fa, ba jakin kai taki ba."

Armaya'u ba ya iya kallon keken. In Shafi'u ya jingina shi, sai ya juya baya ya kama neman abin da bai ɓata ba. Goron ma bai taɓa ci ba, maƙwabta yake ba. Abin da ke sanyaya masa rai ɗaya ne: da hantsi yakan hango jan tef ya gifta ta bakin titi, mai shi zaune daram, ƙafa na miƙewa yadda ya kamata.

Amma sanyin ba ya daɗewa. A sallah sai ya rasa raka'a ta nawa yake. Tuwo ya daina wuce masa. Ya san mahaifiyar Shafi'u, ya san ba ta da wani namiji sai shi. Ya ƙudurta zai kira shi ya karɓe keken in an tashi kasuwar Alhamis. Alhamis ta zo ta wuce, ya ɗaga zuwa ta gaba.

Kafin ta gaban ta zo, Hamidu ɗan acaɓa ya taka birki a gaban rumfar.

"Baba Armaya'u, ɗaya daga cikin masu keken nan naka ya faɗi a gangaren shiga Safana. Ban tarar da shi ba, an riga an sa shi a mota sai Katsina. An ce ko motsi ba ya yi. Keken kuwa ya rabe biyu."

"Ta ina ya karye?"

"An ce ta ƙarƙashin sirdi."

Bai rufe rumfa ba, bai ɗauki waya ba. Ya haye bayan Hamidu ya ce a kai shi gidan su Shafi'u. Duk tsawon hanya yana shirya abin da zai faɗa wa tsohuwar, kalma na zuwa tana tsere masa.

Sallama ɗaya ya yi, sai ga Shafi'u ya fito daga zaure da ƙafafunsa, yana cusa hannu a riga, idanunsa jajur. A bayansa keke mai shuɗin tef na jingine da bango, ko ƙwarzane babu.

"Baba, tun ɗazu nake kiran wayarka."

Armaya'u ya ratsa shi ya wuce. Ya kai babban yatsa ƙarƙashin sirdi ya shafa, ya sake shafawa. Sumul.

"Wannan ba naka ba ne," ya ce.

"Nawa ne, Baba. Kai ne ka rikita mana su wajen haɗawa, ka ba shi gajeren, ka ba ni dogon. Washegari muka musanya, har da tef ɗin muka kwance muka sake naɗawa, don Haisam ya ce kada a bari ka gane, kar ka ji kunya."