Turmin Gidan Saje

A Dogon Dutsi cewa ake Saje ya dawo daga sojan Faransa da lambar girma da usur, amma babu mata.

Da ya tare a gidan da ya zuba ƴan haya, lugude ne ya tarbe shi. Matan gidan na daka, suna tafi, suna waƙa.

Ran nan ya gaji, ya busa usur. "Silans! Shiru! Nasara ya tahi, amma doka tana nan!"

Ya kinkimi turmin, ya kulle a ɗakinsa.

Gida ya yi tsit. Ƙwaryar furar da yake tararwa bakin ƙofarsa kowane hantsi ita ma ta ɗauke ƙafa. Akushin tuwo ya bi ta.

Yunwa ta kai shi ƙofar tsohuwar da ke haya a ɗakin ƙurya.

"Inna, lahiya ba a aiko ba?"

"Lahiya lau, Saje. A maƙwabta muke daka yanzu. Maigidan da ya sha ƙara, shi ka shan hura."

Ya fito da turmin bisa kai, lambar girma na lilo a ƙirjinsa, ya dire shi gaban matan.

"Ku yi mini gahwara. Ku daka, har da waƙar."