Sabuwar Kwaba Mai Tsohon Fenti

Ana sauke kwabar a tsakar gida, gwaggon amarya ta riƙe baki. Katako sabo fil, amma kafintan Gaya ya shafa shuɗin fenti, ya bi shi da samfefa har ya koɗe.

"Wannan za mu kai Ajingi, dangin miji su ce gwanjo muka sayo? A mayar masa."

Amarya ta tare hanya. "Ni na sa shi, Gwaggo. Ko da ita, ko a fasa jeren."

Sati uku ta yi tana kwatanta wa kafintan kwabar marigayiya mahaifiyarta da gara ta cinye. Yanzu ta ɗora tafinta kan murfin hagu na sabuwar, inda fentin ya fi gogewa.

Gwaggo ta ƙura wa wurin ido. Marigayiyar bahaguwa ce.