Yammar da Na Yi wa Baba Tafinta

Abu ɗaya ne a gabana ran nan. Idan na kai Baba ƙarshen wani fim ina fassara masa, zai riƙa tafiya da ni shagonsa na kasuwar Murshid in yi masa tafinta. Idan na gaza, in zauna gida duk hutun.

Juma'a ce, an sauko daga masallaci, muna falonmu na unguwar Abu Hail a ƙasar Larabawa, mai warin kwalin kaya. Kaset ɗin na Italiya ne, labarin wani alƙali mai taurin kai, da fassarar Larabci a rubuce a ƙasan hoton. Baba Larabcin ciniki kawai yake ji, ni kuwa makarantar Larabawa nake zuwa.

Idan ana tseren motoci sai in huta. Can aka nuno minista da wasu masu kwat suna cin taliya, magana ta ƙi ƙarewa.

"Baba, surutu kawai suke yi. Mu tura gaba."

Ya dafe rimot. "Uwata, harbi ina da ido. Abin da mai kwat ya faɗa nake so."

Na bi layi-layi har maƙogwarona ya bushe. Da na ce ministan yana so a bar alƙalin ya huta, Baba ya ajiye shayinsa.

"Khalas, shi ke nan, sun kashe shi."

Ba a jima ba aka harbi alƙalin a bakin ƙofarsa.

Fuskar alƙalin ban san ta ba, don idona na kan rubutu. Fim dai na rasa shi. Abin da na samu shi ne muryar Baba, wadda nake kewa har yau a shagona: "Gobe ki tashi da wuri."