Wankan Injin Marigayi

Ga wani misali. An yi wani matuƙin jirgin ruwa, mutumin Yawuri, da neman abinci ya kai shi bakin teku a ƙasar Ikko. A can gida ruwan Kwara ruwan daɗi ne. Nan kuwa ruwan gishiri ne, ga kyau a ido, ga ɓarna a cikin ƙarfe. Shi ya sa kullum in ya tashi daga fito sai ya kwance injin, ya ɗora a baro, ya tura shi lambun wani tsoho mai noman alayyafo da latas. Ya jona tiyon ban ruwa a ƙafar injin, daidai inda yake zuƙar ruwan da ke sanyaya shi, ya matse da robar tsohon silifa, ya buɗe famfo, sannan ya ja igiya. Ba ya kashewa sai siririn ruwan nan da matuƙa ke kira fitsarin inji ya fito da ƙarfi, ya taɓa a harshe ya ji babu gishiri. Shi kuwa tsohon nan, tun zuwansa garin, lokacin da ko kwandon kansa ba shi da shi, matuƙin ke haye masa da ganye zuwa kasuwa. In ya sa hannu a aljihu, sai matuƙin ya kau da kai ya shiga kallon ruwa.

Wata rana matuƙin ya dawo da zazzaɓi, ya ce gobe ya wanke injin. Goben ba ta same shi a tsaye ba, kafin mako ya zagayo an kai shi makwancinsa. Ya bar mata da 'yan ƙanana da babban ɗansa, saurayi, ya bar musu injin nan da ba su da wata gona sai shi. Saurayin ya jingine shi a kusurwar ɗaki, ya lulluɓe da bargon mahaifinsa, ya hana kowa taɓawa. Wani lokaci yakan ɗaga bargon ya ɗora hannu a mariƙin, inda tafin baban ya cinye fenti. A ganinsa adana shi yake yi. Alhali a ciki gishiri na bushewa, yana cin hanyoyin ruwa kamar yadda gara ke cin azara, ba ƙara ba motsi. Buhun gari na ta sauka, uwar tana kallon bargon.

Bayan sadakar arba'in sai ga tsoho da baro a ƙofar gida. Ya ce, "Ɗana, famfona ya yi kewar injin nan."

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Baba, yadda ya bar shi nake so ya zauna. Ruwan tafiyarsa ta ƙarshe ne a ciki."

Tsoho ya ce, "Shi kansa mai injin, ni na zuba masa ruwa da hannuna kafin mu kwantar da shi. Abin da ake so ai wanke shi ake yi."

Suka tura baro zuwa lambu. A nan saurayin ya ga abin da ba a gaya masa ba. An kwana biyu ba wutar lantarkin jawo ruwa, tanki ya kusa ƙafewa, fangalin alayyafo duk sun langaɓe. Ruwan da ya rage, ko inji ya sha ko ganye. Ya buɗe baki zai yi magana, tsoho ya riga shi: "Ƙyale ganye, in ya yi gardama miya za a yi da shi."

Aka jona tiyo da robar silifar nan, da ma tana rataye a reshen gwaiba inda mai ita ya bar ta. Ruwa tukuna, sannan igiya. Injin ya yi tari, ya tofar da hayaƙi, ya kama, da muryar nan da saurayin ke ganewa tun daga tsakiyar ruwa ya san baba ya dawo. Amma fitsari bai fito ba. Ƙarfe ya fara ɗaukar zafi, kuma injin da ya ƙone a haka sai 'yan gwangwan. Tsoho ya zaro tsinken tsintsiya ya soka a 'yar ƙofar da fitsarin ke fita, yadda ya sha ganin amininsa na yi. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, sai wani farin tsaki, sai ruwa ya tsargo ya sha ƙasa. Saurayin ya tara yatsa ya kai baki. Gishiri. Ya tsaya a wurin hawaye na bin kumatunsa, yana tarawa yana ɗanɗanawa, tanki na sauka, har ruwan ya koma na daɗi. Da ƙyar ya iya cewa, "Allah ya saka, Baba."

Washegari jirgi ya koma fito. Kwandon tsoho ɗaya ne tak, don rabin fangalin bai tashi ba, amma shi aka fara ɗorawa, a gaba, inda ruwa ba ya fantsama. Da tsoho ya sa hannu a aljihu, saurayin ya kau da kai ya shiga kallon ruwa.

Matuƙin nan bai san ruwan marayunsa yake tarawa ba a duk kwandon da ya haye da shi. Shi ya sa Hausawa ke cewa, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.