Malafar Duna

Tun da aka kafa sabuwar doka, duk likitan da ya yi wa dabba tiyata sai ya ɗaura wata munduwa mai sa shi jin ciwon dabbar a jikinsa har ta warke.

Barau mafarauci ya san da haka sarai, amma ya cire wa karensa Duna robar da aka sa masa a wuya don kada ya ciji ɗinkin tiyatar da aka yi masa a ciki. Abokan farauta ne suka ishe shi da dariya, wai karensa ya sa malafa. Kafin gari ya waye, Duna ya farke cikinsa da haƙori.

Barau ya saɓo shi a kafaɗa sai asibiti. A bakin ƙofa ya tarar da Likita Kuluwa, wadda ta yi wa Duna tiyatar, a durƙushe, ta dafe ciki, gumi ya jiƙa mata hijabi.

"Sannu, Baba," ta ce. "Tun asuba nake ji. Ɗinkina ne bai kama ba. Ku yafe mini."

Duna ya yi nishi, ita ma ta cije leɓe.

Barau ya dubi munduwar da ke hannunta, ya kawar da kai.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.