Ɗigon da ke Motsi a Wayar Mama

"Hellen, yau ma Mama ta ci tuwo." Haka Gershon ke faɗa a ransa kullum in ya tada babur.

Hellen yayarsa ce, ita ta yi karatun injiniya. Shi aji uku ya tsaya, ya kama ɗinki a Kafanchan. Da ta zano wata eriya da za a iya sawa a jiki, shi ya ɗinka ta da zaren tagulla a bayan wata farar singileti, zobba ƙanana a jere kamar ƙwayar acca. Ba ta kai ganyen mangwaro nauyi ba. Ta ce zobban nan su ke kamo sabis inda waya ta gaza, in manomi ya shiga daji a san inda yake.

Ranar da ta sa ta don gwaji, a gonar citta 'yan bindiga suka ɗauke ta.

Ɗigon da ke nuna ta a wayar Mama ya tsaya cak kwana tara, bayan dutsen Kagoro. Mama ta daina cin abinci, hawan jininta ya tashi. Gershon ya shiga dajin shi kaɗai, ya dawo da laka har gwiwa da tafin hannu a saɓule, ya ce bai ga komai ba.

Washegari ɗigon ya motsa.

"Yesu na gode!" in ji Mama. "Gawa yana tafiya ne? Rosemary autata, ɗora tukunya!"

Tun daga nan kullum da hantsi sai ɗigon ya bayyana, ya ɗan yi tafiya a gindin dutse, ya ɓace. 'Yan banga sun je sau biyu, ba su tarar da kowa ba. Matan zumunta na coci suna zuwa addu'a. Shi ko Gershon kullum yana wajen nema, cikin jaket duk zafin rana, in ya dawo yana sosa baya.

"Ka yi wanka mana, ɗan nan," Mama ke ce masa tana dariya.

Yau wata na uku. Ya ajiye babur a gindin dutse, ya durƙusa gaban tarin duwatsun da ya jera a kanta da hannunsa. Sannan ya maƙala ɗan batirin eriyar a jikin singiletinta da ke ƙarƙashin jaket ɗinsa, ya miƙe, ya fara takawa a hankali irin tafiyarta.

Har yanzu bai gaya wa kowa ba.